Ƙarfe Ukun Masrur Zuberi

Daga Allah muke, kuma gare shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Masrur Ahmad Zuberi a wani asibiti da ke nan Bhopal, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida. An yi jana'izarsa washegari da hantsi, saboda ana jiran isowar babban ɗansa daga Dubai. Daga tagar ɗakin matarsa na leƙa layin gidan, kuma tun da nake ban taɓa ganin tsofaffi masu yawan na ranar sun taru a wuri ɗaya ba. Wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da hannunsu, kuma da yawansu ba su taɓa ganin fuskarsa ba sai muryarsa.

Sunana Sabiha Ansari. Ni ce shugabar sashen shirye-shirye a gidan rediyon Jhil, inda marigayin ya yi shekara goma sha takwas yana gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi, bayan ya yi ritaya daga rediyon gwamnati. A takarda ni ke gaba da shi. A zahiri kuwa kowa a gidan ya san wa ke koya wa wani aiki.

Baba Masrur, bari in juyo gare ka, don da kai nake son yin magana. Mutane da yawa sun faɗi alherinka a kwanakin nan, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni nauyin da ke kaina daban ne. Kwana biyu kafin ka rasu ka tambaye ni ko shirinka yana nan, na ce maka yana nan, alhali takardar rufe shi tana cikin jakar da ke kan cinyata. Tun daga ranar nake fafutukar mayar da maganar nan gaskiya. Wannan rubutun ta'aziyya ce, kuma bayani ne na inda na iya kaiwa.

Sunan da aka ba shirin a jadawali ba wanda ke kiran sa da shi. Kowa "ƙarfe ukun Masrur" yake cewa. Kullum ne, daga uku zuwa huɗu na yamma, ba Lahadi ba ranar Sallah. Waƙoƙin fina-finai ne na zamanin da hoto bai sami launi ba, da na 'yan shekarun da suka biyo baya. Masu sauraro su ke zaɓa. Mutum zai sayi katin gidan waya mai ruwan ɗorawa na rabin rupi, ya rubuta waƙar da yake so, sannan ya jero sunaye a ƙasa: nasa, na matarsa, na 'ya'ya da jikoki, na maƙwabcin da ke zuwa shan shayi. Akwai wata tsohuwa a Shahjahanabad da ke sa har sunan akunta. Kai kuma ba ka tsallake ko ɗaya, har da gari da unguwa, har da akun. Shi ya sa awa guda ba ta ɗaukar fiye da waƙa biyar. Kuma ba ka yanke waƙa. Idan baiti uku ne, to sai an ji ukun, ko da mai talla zai yi ta duba agogo.

Ƙarfe ɗaya kake isowa a kan tsohon babur ɗinka, da gwangwanin alewa a ɗaure a baya, katunan ranar a ciki. Sai ka aika a sayo maka shayi mai gishiri a rumfar da ke tsallaken titi, ka zauna a baranda kana karanta kowane kati da ƙarfi sau biyu, don kada bakinka ya yi tuntuɓe a kan sunan wani. Idan za ka shiga ɗakin watsa shiri sai ka cire takalmi a ƙofa. Na taɓa tambayar ka dalili, ka ce ai gidajen mutane za ka shiga.

Shekara tara ke nan da na dawo daga Mumbai aka ba ni wannan kujerar. Na dawo da ji da kai, da rawar jiki, da tarin alƙaluma. Akwai wani kamfani da ke buga wa mutane waya yana tambayar su tashar da suke saurare, 'yan shekara goma sha biyar zuwa talatin da biyar kawai yake nema, kuma a rahotonsa awarka ce a can ƙasan kowa. A makona na biyu na kira ka ofis.

Na ce, "Baba, waƙa biyar a awa guda? Sauran tashoshi goma sha biyu suke sakawa."

Ka ce, "Allah ya ƙara musu, ranki ya daɗe."

"Daga Litinin kati ɗaya za a karanta wa kowace waƙa, suna ɗaya. A sa hannu a gwangwani a zaro, wanda ya fito shi ke nan."

Ka dube ni ta saman tabarau, ka ce, "Ke 'yar wane gida ce a garin nan?"

Na faɗi sunan mahaifina da unguwarmu.

"Af, 'yar Rashida ce ke. Jahangirabad, bayan masallaci, mai son waƙoƙin damina. To, ranki ya daɗe, yadda kika ce haka za a yi. Amma ke za ki gaya mata, ni ba zan iya ba."

Haka kuwa ka yi. Ba ka ɓata rai ba, ba ka kai ƙarata wurin mai gidan ba, ba ka yi habaici a iska ba. Ni kuma na ɗauka na gyara abin da ya gagari magabata.

Abin da ban sani ba shi ne masu sauraronka suna da wata al'ada da suka ginu a kanta tun zamanin rediyon gwamnati. Wanda ya saba aiko kati, idan aka yi mako biyu ba a ji sunansa ba, to ba shi da lafiya. Idan aka kai uku, sai a fara yi masa addu'a. A cikinsu akwai dattawa biyu, Gopal Das Malviya, tsohon malamin makaranta a Sehore, da Latif Khan mai gyaran agogo a Ibrahimpura. Shekara talatin suna gasa da juna ta kati, wannan ya zaɓi waƙar rabuwa, wancan ya mayar masa da ta dawowa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. A makonni ukun dokata katin Gopal Das ya fito sau biyu, na Latif kuwa hannu bai faɗa kansa ba ko sau ɗaya.

Ranar da mako na uku ya cika, Gopal Das ya sa fararen kayansa, ya hau mota daga Sehore, ya shiga Ibrahimpura yana tambayar shagon Latif mai agogo. Ya tarar da wani tsoho da gilashin aiki a maƙale a ido ɗaya, yana karyawa da soyayyar shinkafa a kan takarda. Ya haɗa hannuwa ya ce ya zo yi wa iyalan Latif gaisuwar rashi ne. Tsohon ya ajiye cokali ya ce, "Ni ne Latif ɗin. Yaushe na mutu?"

Kafin azahar sai ga su a ofishina, ɗaya na riƙe da hannun ɗaya kamar waɗanda suka tashi gida guda.

Latif ya ce, "'Yata, ke ce kika kashe ni?"

Gopal Das ya ce, "Tun daga Sehore nake kuka a mota, har wata mata ta ba ni ruwa. Na zo na tarar da gawar tana cin abinci, ko tayi ba ta yi mini ba."

"Ai ka zo gaisuwa ne, ba cin abinci ba."

Na fara bayanin alƙaluma da yawan waƙa. Gopal Das ya bar ni na kai aya, sannan ya ce a hankali, "Yarinya, waƙar nan fa muna da ita a gida. Jikata ta zuba mini fiye da dubu a waya. Sunayen muke zama mu ji, mu san wa ya rage."

A ranar na janye dokar. Na jira ka shigo ka yi mini dariya, ko ka ce da ma ka sani. Da ka gama shiri sai ka turo ƙofa, ka ajiye mini kofin shayi mai gishiri a kan tebur, ka ce in sha kafin ya huce, ka fita. Har ka bar duniya ba ka sake tayar da zancen ba, sai dai ni da ke ba da labarin duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci.

Daga baya na fahimci cewa aikinka ba ya ƙarewa da ƙarfe huɗu. Idan suna ya ɓace mako biyu kai ne kake fara hawa babur ka je ka duba. Waɗanda hannunsu ya fara rawa, kai kake sayen katuna da kuɗinka, ka rubuta adireshin tasha a jiki, ka raba musu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don kada rubutun adireshi ya hana su aikowa. Akwai wani makaho a Itwara da kake zama a ƙofar gidansa yana faɗa kana rubutawa, sannan ka kai katin gidan waya ka jefa a akwati, ka jira ya zo maka da hatimi bayan kwana biyu. Na ce maka wannan ai wahalar da kai ce, tunda gwangwanin yana hannunka. Ka ce shi ma yana da haƙƙin katinsa ya bi hanyar da na kowa ke bi.

Alherinka da ba zan manta ba shi ne wanda ka yi wa mahaifiyata. A shekarunta biyu na ƙarshe tunaninta ya gushe. Ta manta sunana, wani lokacin ta ɗauke ni ƙanwarta, wani lokacin mai aiki. Amma ƙarfe uku saura kaɗan sai ta gyara zama a bakin gado, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta ce a share ɗakin don Masrur Sahab zai shigo. Idan waƙa ta fara sai ta bi ta daga farko har ƙarshe, ba ta ɓatar da kalma. Da na ba ka labari sai ka ce za ka je ka gaishe ta. Ka zo da kwalin alewa, ka zauna a gabanta. Ta dube ka sama da ƙasa, ta juyo ta ce mini, "Wannan tsohon me yake sayarwa? Ki ce masa ba ma buƙata."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa sai ka yi murmushi, ka tashi ka fita, ka tsaya a bayan labulen ƙofa. Daga can ka gyara murya ka ce, "Daga Jahangirabad, bayan masallaci, Rashida Begum da 'yarta Sabiha sun aiko da gaisuwa." Nan take ta ja mayafinta, fuskarta ta washe, ta kama hannuna ta ce, "Kin ji, Sabiha, ya kira mu." Wata bakwai ke nan rabon da ta ambaci sunana. Ka tsaya a bayan labulen nan kusan rabin awa kana hira da ita, gwiwarka tana ciwo, kuma ba ka yarda ka leƙo ba har muka yi sallama a tsakar gida. Na yi kuka a ranar, kuma ina kuka yanzu da nake rubutawa.

Duk da haka shekara tara muka yi muna gardama a kan abu ɗaya, wato ko tsofaffin waƙoƙi za su iya ciyar da tashar da ke rayuwa da talla. Ni ina cewa manyan kamfanoni, na waya da na lemo, matasa suke nema, kuma ba sa kallon awarka ko da wutsiyar ido. Kai kana cewa, "Wa ke biyan kuɗin biki a garin nan? Wa ke sayen zinari? Yaron da ke yawo da waya a kunne, ko tsohon da makullin akwati ke ɗaure a mazagin wandonsa?" Kuma kana da hujja. Shamim mai tabarau na kasuwar Chowk bai taɓa janye tallarsa daga awarka ba. Akwai mai man ciwon gwiwa, da masu kai mutane Umra, da wani zauren biki a hanyar Raisen. Ƙananan 'yan kasuwa ne, amma sun san abin da kamfanin bincike bai sani ba, cewa rediyo ɗaya a shagon tela ko na wanzami mutum goma ke saurare, kuma ba wanda zai buga musu waya ya ƙirga su.

Ni ma ina da tawa hujjar, kuma ka san ta. Duk lokacin sanyi gwangwanin nan sai ya rage nauyi. Wata rana na faɗa maka haka kai tsaye, don ni bakina ba ya ɓoye abu. Ka ce, "Gaskiya ne, kasuwata tana ƙarewa ta sama, amma tana cika ta ƙasa. Shekarunki nawa yanzu, ranki ya daɗe? Saura ƙiris ki fara aiko kati." Na ce idan na tsufa waƙoƙin ƙuruciyata zan nema, ba naka ba. Ka ce to sai a saka mini nawa, muddin dai za a kira sunana. Idan aka tambaye ni yau, abin da na gani da idona shi ne shirin ya ciyar da kansa, bai taɓa roƙon kowa ba, amma bai taɓa yin ƙiba ba. Mai tasha kuwa ƙiba yake nema, kuma ba zan ce ya yi laifi ba, don akwai mutum ashirin da ke jiran albashi a hannunsa.

A ƙarshen damina mai gidan, Seth Lalwani, ya miƙa ragama ga ɗansa Karan. Karan ba mugu ba ne, yaro ne mai ladabi, shi ke fara gaishe ka a matakala. Amma ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani da zai riƙa turo mana shirye-shirye daga Mumbai da tallarsu a ciki, kuma sun ce awar ƙarfe uku suna so. A makon ƙarshe na Disamba ya kira ni ya miƙo mini takarda a ambulan. Shirinka zai tsaya ranar ƙarshe ta Janairu. Ya ce ni ce zan ba ka, tunda na fi kowa kusa da kai.

Ni da ake tsoro a gidan nan, ni da na sallami mutane ido na ganin ido, sai ga shi na kasa. Sau uku ina fitowa baranda da jakar a hannu. Na farko na tarar kana fama da wani suna mai wuyar faɗa, na ce bari ka gama. Na biyu kana yanka gwaiba, ka miƙo mini rabi da gishiri da barkono, na zauna na ci na koma. Na uku kai ka fara magana, kana ba ni labarin jikarka da aka sa wa rana, kana cewa kai za ka zaɓi waƙoƙin bikin ko matasan gidan sun so ko sun ƙi. Na ce gobe. Ranar Lahadi, biyar ga wata, ka gama shiri ka fito ka zauna a kan matakala, takalminka ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kana neman numfashi. Daga nan aka wuce da kai asibiti.

Lahadin da ta biyo baya na je duba ka da yamma. Matarka, Nikhat Begum, tana gefen gado da ƙaramin rediyo, an rage murya, waƙoƙi kawai ke tafiya tunda ba mai karanta kati. Ka rame, amma idonka yana nan yadda na san shi. Ka ce mata ta je ta sha iska, ta gaji. Da ta fita sai ka yafito ni da hannu.

"Ranki ya daɗe, na ga yaron nan Karan yana sunkuyar da kai idan mun haɗu. Ke ma kin rage faɗa. Shirin yana nan kuwa?"

Jakar tana kan cinyata, hannuna a kanta. Na ce, "Yana nan, Baba. Kai dai ka warke."

Ka daɗe kana kallona. Sannan ka ce, "Tun da na san ki ba ki iya ƙarya ba, ko ta gyaran zance. Don haka na yarda." Ka lumshe ido, ka ce in gaya wa mai kula da na'ura kada ya yanke baiti na uku don ba ka nan.

Ban sani ba ko da gaske ka yarda, ko kuwa nauyi ka ɗora mini da gangan, irin yadda ka saba koya mini abu ba tare da ka ce ga shi ba. Na juya maganar nan a raina har na gaji. Abin da na sani shi ne na fito daga asibitin da alkawari a wuyana, kuma wanda na yi wa shi bai ƙara kwana uku ba.

Bayan addu'ar uku na je wurin Karan. Ya tashi tsaye ya yi mini gaisuwa, ya ce, "Madam, Allah ya ji ƙansa. Ko ba komai takardar nan ba ta kai gare shi ba, ya tafi da farin cikinsa. Ki yaga ta kawai." Na zauna na gaya masa abin da ya faru a asibiti, ban rage komai ba. Ya juya biro a hannu, sannan ya ce, "Amma ni ban ce ki yi masa alkawari ba." Na ce gaskiya ne. Ya ce ya riga ya sa hannu, kuma ko bai sa ba, shirin ai mutumin ne, mutumin kuwa ya tafi. Na ce masa mutanen da ke cikin gwangwanin ba su tafi ba.

Sau huɗu na koma ofishinsa, har ya fara ɓuya idan ya ji takuna. A tsakani na shiga Chowk wurin Shamim mai tabarau. Ya rufe shagonsa da rana tsaka, abin da yaransa suka ce bai taɓa yi ba, muka bi layi shago shago. Wasu sun yi mana addu'a sun sallame mu. Wani mai sayar da yadi ya ce yana son Masrur Sahab kamar ubansa, amma ɗansa ke riƙe da harkar talla yanzu, kuma shi a waya yake yi. A ƙarshe mutum huɗu suka amince za su riƙe tallar shirin na shekara guda. Na kai wa Karan sunayensu. Ya duba, ya ce Litinin zuwa Asabar ba yadda zai yi, sun fita hannunsa. Ranar Lahadi ce kawai Mumbai ba sa turo komai da yamma. Idan ina so in ɗauka, amma ba zai ɗauki sabon mai gabatarwa ba.

Saboda haka, Baba, ranar Lahadi biyu ga Fabrairu ni ce na zauna a kujerarka. Ka san muryata, ta kiran taro ce, ba ta hira ba. Katunan mako huɗu suka taru mini, da yawansu kai aka rubuto wa tun kana asibiti, ana yi maka fatan sauƙi. Sunaye suka cinye awar, waƙa biyu kawai na samu na saka. Na yi tuntuɓe a kan sunaye fiye da goma, na ba da haƙuri a iska. A makon da ya biyo baya wata baiwar Allah daga Vidisha ta rubuto cewa ina karatu kamar wadda kare ya biyo, in riƙa numfashi tsakanin gida da gida. A ƙasan katin ta jero sunayen mutanen gidanta su tara, ta ce za ta sake aikowa.

Iyakar abin da na iya ke nan. Ban san abin da zai faru bayan shekarar nan ba, kuma ba zan sake yin alkawarin da ya fi ƙarfina ba. Daga Litinin zuwa Asabar, idan ƙarfe uku ya yi, wani yaro ne daga Mumbai ke ta surutu a awarka, bai san akwai unguwa mai suna Itwara ba, kuma na sami labari shaguna da yawa a Chowk kashe rediyon suke yi. Na ce maka shirin yana nan, ka ce ka yarda da ni. Kwana ɗaya na iya cetowa a cikin bakwai. Ka yafe mini sauran shidan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nikhat Begum, wadda ta yi shekara arba'in da tara tana jinkirta shayin yamma sai an gama shiri, da 'ya'yan marigayin, Tanwir da Uzma da Shahab, da jikokinsa, musamman amaryar da bai kai ga bikinta ba. Ina yi wa abokan aikinmu na rediyon Jhil gaisuwa, da masu sauraro na Bhopal da Sehore da Raisen da Vidisha, Musulminsu da Hindunsu, waɗanda rashin nan ya shiga har cikin ɗakunansu. Allah ya ba mu haƙurin jurewa.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Masrur, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka albarkaci bayansa, ka kyautata namu ƙarshen idan lokacinmu ya zo. Ni kuma ka gafarta mini abin da na faɗa masa a gefen gado, don ka fi kowa sanin abin da ya sa na faɗa. Amin.

Sabiha Ansari
Jahangirabad, Bhopal